Ƙafar Badung da Baƙin Yashi

Badung bai taɓa ganin gonar kakansa ba, tafkinta kawai ya sani. Tun kafin a haife shi kamfanin Turawa ya ƙwaƙule wurin, ya kwashe kuza, ya bar rami mai koren ruwa wanda ko shanu ba sa sha. Abin da ya rage wa gidansu ɗan fili ne a bayan ƙauyensu, kudu da Bukuru, inda yake noma acca da dankali. Mutum ne mai ƙarfi, marar yawan magana. Ran Lahadi shi ke kaɗa ganga a majami'a. Shi da matarsa Ana da ɗansu Gyang ba su taɓa yin arziki ba, amma ba su kwana da yunwa.

A shekarar dubu biyu wani ɗan kasuwa, Oga Cyprian, ya shigo ƙauyen da a-kori-kura yana neman wani baƙin yashi mai nauyi da ake samu tare da kuza. Ya ce a ƙasashen waje ana sa shi cikin wayar hannu, kuma Turawa sun haukace a kansa. Ya damƙi ƙasar gonar Badung, ya wanke a tasa, ya yi murmushi.

"Kana zaune a kan dukiya kana shuka acca," in ji shi. "Zan ba ka injin janye ruwa. Kai dai haƙa, ni zan saya."

Ana ba ta yarda ba. "Baban Gyang, in ka tone ta, me za mu ci baɗi?"

"Shinkafa," in ji Badung yana dariya. "Ta buhu."

Ya tone ta kuwa. Ya fara da gefe, ya shiga tsakiya, ya juye jar ƙasa a kan baƙa har gonar ta zama kamar an yi yaƙi a cikinta. Shekarar ta yi musu kyau. Ya sa kwano a ɗaki, ya sai wa Ana zannuwa, ya kai Gyang makarantar kwana.

Sai wata rana ya kai kaya shagon Oga Cyprian a Daɗin Kowa, mutumin ko buɗe buhun bai yi ba.

"Kasuwa ta faɗi. Turawa sun ce sun ƙoshi."

"Sun ƙoshi yaya, Oga? Sun daina yin wayar ne?"

"Suna yi. Sun tara ne ya ishe su. Ni ma yaro ne a wannan harka, abin da aka faɗa mini daga can shi nake faɗa maka. In kana so ka kawo kuza, zan karɓa da sauƙi."

Ba gonar da zai koma. Ya gwada dankali a kan jar ƙasar, ko ciyawa ta ƙi. Dole ya ƙara nitsewa ƙasa neman kuza, ana zura shi da igiya cikin rijiyar haƙa, yana rarrafe ta ƙarƙashi da fitila a goshi. Da damina ta yi nisa kowa ya san ba a shiga, amma Gyang ya dawo gida an koro shi daga makaranta don ba a biya kuɗi ba. Badung ya shiga. Bango ya rufto masa.

Mutanen ƙauye suka tono shi da hannu da kwanuka. Yana kwance a bakin ramin, ƙafarsa ta dama ta dagargaje, sai ga motar Oga Cyprian. Matarsa Ana ta ruga tana godiya, ta ɗauka asibiti za a kai shi. Yaran Oga suka kwance injin janye ruwa suka ɗora a baya. Direban ya ce ba wuri, kuma an hana shi ɗaukar mutane. A kan babur aka kai Badung, mutum biyu na riƙe da shi. A asibiti aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Daga nan Ana ce ta ɗauki gidan. Aikin da ta samu shi ne tankaɗen yashin kuza a shagon Oga Cyprian ɗin nan, cikin farar ƙura, da ɗankwali ɗaure a hanci. Tari ya kama ta bai sake ta ba. Gyang ya tafi Abuja leburanci, labarinsa ya yi ta raguwa.

Bayan wasu shekaru wata Baturiya ta zo da jif, tare da wata ɗalibar jami'a mai suna Firisila da ke yi mata tafinta. Aka nuna musu gidan Badung. Ya sa rigarsa ta zuwa majami'a ya fito da sandunansa na dogarawa.

"Baba," in ji Firisila, "littafi take rubutawa. Ta ce ba kai ka yi laifi ba. Duniya ce aka tsara haka: ƙasashe masu kuɗi su ke yanka farashi, irin namu kuwa mu haƙa mu miƙa. Arzikinsu da talaucinmu abu ɗaya ne."

Badung ya gyaɗa kai. Maganar ta yi masa daɗi, don ba wanda ya taɓa ce masa ba laifinsa ba ne.

Suka ɗauke shi a mota zuwa tsohuwar gonar. Baturiyar ta dube shi ta yi magana. Firisila ta sunkuyar da kai.

"Baba, wai ko za ka cire rigar? Ta yi kyau da yawa. Kuma ka naɗe wandon a ga dungun."

Ya cire. Ya naɗe. Direbansu ya zaunar da shi a bakin ramin, ya mai da sandunan cikin mota don kada su shiga hoto. Baturiyar ta yi ta ɗauka, idonta cike da hawaye.

"'Yata, tambaye ta," in ji Badung, "in an gama littafin za a cike mini ramin nan?"

Firisila ta juya ta yi Turanci gajere. Baturiyar ta dafa ƙirji ta yi murmushi. Badung ba ya jin Turanci, amma ya san kalmar godiya, kuma ita ya ji daga bakin Firisila.

Hadari ya taso, iska ta fara. Baturiyar ta rungume na'urarta ta ruga mota, direba na ihun hanya za ta yanke. Jif ta tashi da sandunan a ciki.

Ya kira, ba wanda ya waiwayo. Ya jira har ruwa ya sauko sosai, sa'an nan ya ɗaura rigar a wuya, ya kama jan gindi cikin taɓo. Da Ana ta dawo daga aiki da yamma ba ta gan shi a gida ba, ta bi hanyar gonar, ta same shi bai kai ko rabin hanya ba. Ta durƙusa ta goya shi, tana tari tana tafiya.

Ba a dawo da sandunan ba. Wani kafinta ya sassaƙa masa wasu. Ana ta rasu da ranin da ya biyo baya, kuma ran jana'izarta Oga Cyprian ya aiko da lemon kwalba.