Ƙaron Dakwara Zalla

"To ba ƙaro kika ce ba?" in ji Ɗantsoho. "Ƙaro na aika miki."

"Na dakwara na ce, Baffa, zalla," Khairiyya ta amsa, tana zaune gabansa a tsakar gida. "Kwalabena duk sun yi gudaji kamar kunun da aka dama da gaggawa."

Ɗantsoho mutumin Ɗanzomo ne, sana'arsa ƙaro. Tun yana saurayi yake shiga daji da rani, ya tsaga bawon itacen dakwara, daga baya ya koma ya ɓamɓaro abin da ya daskare, ya kai Maigatari ranar kasuwa. Da abu ɗaya aka san shi: bai taɓa ɗaure wa mutum bakin buhu ba tare da gyara ba. Haka ya ga mahaifinsa yana yi.

Khairiyya 'yar ƙaninsa ce, tana bincike a jami'a. Azurfa take mayarwa ƙwayoyi ƙanana, waɗanda ido ba ya gani. Narkakken ƙaro shi ke lulluɓe kowace ƙwaya ya hana su mannewa da juna, sannan ta haɗa su da wani sinadari daga zuma, ko za a samu abin ɗaure rauni mai kashe ƙwayoyin cuta. In ƙaron ya gauraya, gwajin ba ya fitowa iri ɗaya, malaminta kuma ba zai karɓi aikin ba. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. Ruwa na sauka, ƙaro ya ƙare sai baɗi.

Ɗantsoho ya tuna. Ranar da ya auna mata, na dakwara ya cika mudu cif ya ƙare, sai ya ɗebo na farar ƙaya mai sheƙi ya ɗora a kai.

"Gyara ne," ya ce.

"Gyaranka ya cinye mini zangon karatu guda, Baffa."

"Baƙon Damagaram ma ina yi masa, sai ɗiyar ƙanina zan sallama haka nan? Me za a ce da ni?"

"Wannan karon dai ka haƙura."

Matarsa Hannatu tana tankaɗe a bakin ɗaki, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Malam, shi gyaran dole sai ya shiga kwalbarta? Ga aya nan a tukunya. Yarinya tana da baki."

Ya dubi matar, ya dubi tukunyar. Ya tashi ya ƙulla aya a leda ya ajiye a cinyar Khairiyya.

"Ga gyaranki tun yanzu. Kar ki zuba wa azurfa."

Akwai itatuwan dakwara da ya tsaga ta wajen Gagarawa bai koma ba. Ya ɗauki sabon buhu, ya juya cikinsa ya kakkaɓe, ya kalli gabas, sannan ya fita.