Ozell Tarpley, Makahon da Yake Gani

An haifi Ozell Tarpley a shekarar 1898 a ƙauyen Pickett's Bend, a gaɓar kogin Yazoo cikin jihar Mississippi ta ƙasar Amurka. Mahaifinsa Hezekiah baƙar fata ne mai noman auduga a gonar wani Bature, kuma dattijon coci. Mahaifiyarsa Luvenia wankau take yi.

Ƙuruciya da Karatu

Karatunsa bai wuce aji uku ba, kasancewar ba a buɗe makarantar coci sai an kammala tsinkar auduga. Kayan kiɗansa na farko wayar ƙarfe ce da ya zare daga ɗaurin tsintsiya, ya ɗaure ta tsakanin ƙusoshi biyu a bangon ɗaki, lamarin da ya jawo masa bulala daga mahaifinsa, wanda yake ɗaukar buluz, kiɗan baƙar fata na yankin, a matsayin aikin Shaiɗan.

Sana'a da Aure

A shekarar 1916 ya kama aiki a wata masana'antar katako, inda zarto ya datse masa yatsu biyu na hannun hagu. Maimakon ya haƙura da jita, molon Turawa da ya riga ya koya, sai ya zura wuyan kwalba a ƙaramin yatsansa yana goga wa wayoyin, har ya samar da wani amo mai kama da kukan mutum, wanda ya sa ake nemansa wajen rawar Asabar da bukukuwan suyar kifi. A 1921 ya auri Arzula Mayfield, mawaƙiyar coci.

Faifai

A shekarar 1930 wani kamfani ya kai shi Chicago ya naɗi waƙoƙinsa shida. Da faifan ya fito, sai aka tarar an rubuta "Makaho Ozell", domin a zamanin makafin mawaƙa ne suke kasuwa. Maƙwabta suka samu abin tsokana, kowa ya gan shi sai ya miƙa masa sanda.

Barin Kiɗa

A kakar 1934 ɗansa na fari, Cleon, ya rasu sakamakon zazzaɓi, alhali Ozell yana wani gari wajen kiɗa. Bai dawo ba sai bayan an rufe yaron. Arzula ba ta yi masa magana ba har sai da ya ɗauki alkawarin ba zai sake taɓa jita ba. Ya sayar da jitar, iyalin suka yi ƙaura zuwa Arkansas, inda ya shafe shekaru talatin yana tuƙin tarakta, ba wanda ya san tarihinsa.

Shekarun Ƙarshe

A 1964 wasu ɗalibai biyu Turawa da suka mallaki tsohon faifansa suka iso garin da yake zaune suna cigiyar makahon da ya yi waƙar. Ozell da kansa suka tambaya, yana zaune a barandar gidansa yana karanta jarida.

"Makaho kuma? Samari, ai ya kwan biyu da mutuwa. Da ma kiɗan nasa ba wani abin kirki ba ne."

Ɗaliban suka ji haushi, suka fito da garmaho daga mota don su ƙaryata shi. Waƙar ba ta kai rabi ba Arzula ta fito daga madafa, hannunta duk gari, ta tsaya har aka gama.

"Tsohon banza, daina yi wa 'ya'yan mutane ƙarya. Ni ka yi wa alkawarin, ba fasto ba, kuma na yafe. Amma ba da wannan rigar za ka bi su ba."

A shekarar da ta biyo baya ya yi wasa a gaban dubban jama'a a wani taron mawaƙa a arewacin ƙasar, Arzula tana zaune a sahun gaba da jakarta a cinya.

Rasuwa

Ya rasu a watan Maris na 1969 bayan gajeruwar jinyar ciwon zuciya, aka binne shi a maƙabartar cocinsu. Fasto bai yarda a kaɗa jita a harabar ba, don haka masu kiɗan suka tsaya a bayan shinge. Ya bar matarsa Arzula da 'ya'ya huɗu: Lemuel, ma'aikacin jirgin ƙasa a Memphis, Vernice, malamar makaranta, Hosea, wanda ya zama fasto, da auta Ozella, wadda sai da ta cika shekara ashirin da takwas kafin ta san mahaifinta ya iya kiɗa.