Muryar da ke Zagaya Tukunya

Duk wanda ya san Ushafa ya san gindin ɗorawar da Mama Lucy ke gini. Ba ta da injin juya yumɓu, ita ce ke juyawa. Takan aza dunƙulen a kan turmin da aka kife, ta sunkuya, ta riƙa zagaya shi da baya da baya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har tukunya ta tashi. Kuma bakinta ba ya shiru. Tana yi wa yumɓu faɗa, tana lallashinsa, numfashinta na yankewa a kowane zagaye.

Ba a Ushafa aka haife ta ba. Ƙauyensu yana can inda benaye suka tsaya yanzu. Shekarun da aka ce gwamnati za ta baro Legas ta dawo tsakiyar ƙasa, tana sabuwar amarya, aka zo da manyan motoci aka kwashe su. An ce wurin ya zama na manya. Tukwanen mahaifiyarta sun farfashe a bayan mota, ban da ɗaya, wadda Lucy ta saɓa a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, ta ƙi saukewa har aka iso. Ba ta cika ba da labarin ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Hanya ce ba kyau."

Sai da ta tsufa ɗan ƙanwarta Timothy, wanda ya karanci kwamfuta, ya zo da wata magana. Shi da abokansa suna haɗa gem, wato wasan waya, inda wata tsohuwa ke koya wa mai wasa ginin tukunya. Wata biyu yana zuwa gindin ɗorawa. Ya ɗauki hoton hannuwanta, ya maƙala mata makirufo a wuyan riga, ya bar ta tana zagayawa tana surutunta. Ranar da ya kunna mata, ta ji kanta a cikin waya tana cewa, "Kar ka matsa mata, ba bashinka ta ci ba," ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Ana nan sai Alhaji Zakariyya, wanda ya ɗauki nauyin aikin, ya ce da gyara. Wa ya san wata Lucy? Suna ne ke sayar da kaya. Za a bar hannuwan, a cire muryar, a sa ta Muhibba, jarumar fim ɗin da hotonta ke kan alluna tun daga Kubwa har Nyanya.

Muhibba ta shiga sutudiyo a Wuse, ta karanta komai ba kuskure. Muryar ta fito sumul, kamar ta mai labaran ƙarfe bakwai. Hannuwa na fama da yumɓu a cikin waya, murya kuwa tana zaune a inuwa. Alhaji da kansa ya ji akwai abin da ya ɓace. Shi ne ya ce a kai ta Ushafa, tsohuwa ta koya mata yadda take magana.

Suka iso da hantsi cikin mota mai baƙin gilashi. Timothy ya riga su fitowa, idonsa a ƙasa.

"Mama, ga Oga, ga kuma Hajiya Muhibba."

"Na san fuskarta. Tana jikin jakar shagon Sabo mai shayi. Sannunku da zuwa."

Alhaji ya yi bayani mai tsawo, da kasuwa a ciki, da matasa, da ci gaban ƙasa. Lucy tana jiƙa yumɓu, ba ta ɗago ba. Da ya gama ta ce, "Wato ni zan fita, ita ya shiga."

"Ba fita ba ce, Mama. Hannunki na nan."

"Haka suka ce mana wancan karon. Ba kora ba ne, canjin wuri ne." Ta dubi Muhibba. "'Yata, ni ban iya koyar da magana ba. Tukunya na iya. Cire takalmi."

Muhibba ta dubi Alhaji, ta dubi dogayen faratanta, sai kuma ta cire. Gaskiya dai, ba ta yi girman kai ba. Ta sunkuya, ta fara zagayen turmi da baya.

"Yi magana mana," in ji Lucy. "Faɗi abin da ke takardarki."

"Kar ka matsa... wayyo, Mama, ƙasa na juyawa!"

"Ba ƙasa ba ne, ke ce. Yau zagaye bakwai kika yi. Ni tun kafin a sa wa garin nan fitila nake yi."

Muhibba ta zube a kan tabarma tana haki tana dariya, yumɓu har gwiwar hannu. Lucy ta karɓi dunƙulen da ya karkace, ta shiga zagayawa. Muryar nan ta dawo da kanta, tana hawa in hannu ya hau, tana yankewa in ƙafa ta ja baya. Ba ta tsaya ba har bakin tukunyar ya haɗu.

Sannan ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta fuskanci Alhaji.

"Oga, ka ji daga inda take fitowa. In za ka cire murya, cire hannu. Cire tukunya, cire ɗorawa. Ka sa na Hajiya masu jan farce. Ba na raba kaina biyu, rabi a mota rabi a kafaɗa."

"Mama, kin san ko ke wace ce a kasuwa? Ba kowa."

"To ba kowa ta ce a'a."

Alhaji ya juya ga Timothy. Timothy ya ce hotunan hannun ba za su fita ba sai da yardarta, kuma shi ba zai roƙe ta ba. Muhibba ce ta sa baki, tana kankare yumɓu daga farce.

"Alhaji, ba akwai matar da ke zuwa sayen tukunya a gem ɗin ba? Mai tsegumi da neman ragi? Ba ni ita. Wannan na iya tun ina gidanmu."

Haka aka yi, aka mayar da muryar Lucy. Hoton Muhibba ne ya hau talla, don Alhaji bai sauka daga maganarsa ta suna ba. Lucy ba ta damu da allo ba. Abu ɗaya ta ƙara nema: a ƙarshen gem, inda ake jera sunaye, a rubuta nata tare da sunan ƙauyen da aka tashe su. Timothy ya ce ba ya cikin taswira. Ta ce shi ya sa.

Bara, ranar kasuwar Bwari, tana tafe da randa a kafaɗa, ta wuce wani ɗan acaɓa da ke zaune kan mashin yana latsa waya. Ta ji tsohuwar cikin wayar tana cewa kar ya matsa wa tukunya. Ta ɗan tsaya.

"Ka ji abin da ta ce. Sassauta yatsa."

Bai ɗago ba. "Mama, wannan tsohuwa ta cika faɗa."

"Haka take," in ji Lucy. Ta gyara randar, ta wuce.