Gwajin Allura a Gaban Suruki

Ban taɓa mantawa da ranar da muka kusa rubuta Fulani biyu masu ƙoshin lafiya a littafin kutare ba. A ƙaramin asibitin Illo ne, da daminar shekarar da aka samu mulkin kai. Ni ne malamin asibiti, ni ne kuma tafinta duk ranar da likitan zagaye ya zo daga Birnin Kebbi. Likitan Bature ne, saura masa wata biyu ya koma gida, saboda haka ya riga ya san komai game da mu.

Ga waɗanda ba su yi aikin ba, ga yadda ake gwajin kuturta. Idan an taɓa fata, saƙo yakan bi jijiya zuwa laka, daga laka ya hau ƙwaƙwalwa. Jijiyar kuwa ba zare ɗaya ba ce. Ƙwayoyi ne a jere, kowace da ɗan gibi tsakaninta da ta gaba. Saƙo na isa bakin gibin sai ƙwayar ta fesa wani sinadari, ta gaba ta karɓa ta wuce da shi. Kuturta na lalata wannan hanya, sai wurin ya daina ji. Don haka akan rufe wa mutum ido, a soki tabon da allura, a tambaye shi. In ya ce bai ji ba, sunansa ya shiga littafi.

Ran nan aka kawo Buba, makiyayi daga wata ruga a bakin iyakar Dahome, da farin tabo a ƙwauri. Wanda ya kawo shi surukinsa ne, Malam Sambo, uban matarsa. Tun a bakin ƙofa dattijon ya faɗa mini abin da ke tafe da shi: in kuturta ce, yau zai ɗauke 'yarsa ta kwana a gidansa. Ni da na dubi tabon, kyasbi kawai na gani, ba kuturta ba.

Likita ya ɗaure wa Buba ido, ya soke shi. Na tambaya, "Buba, ka ji?"

Ya ce, "Ban ji komi ba."

Likita ya sake soka har jini ya ɗan fito. Na ga yatsun ƙafar Buba sun lanƙwashe, gumi ya keto masa. Amsa dai ba ta canza ba.

Na ce wa likita, "Ranka ya daɗe, ƙafar ta motsa. Kuma Bafulatani ba ya cewa ya ji zafi a gaban surukinsa. A bari dattijon ya fita."

Ya dube ni da tausayi. Ya yi mini bayanin gibi da sinadari daga farko, a hankali, yadda ake yi wa wanda bai ci jarrabawa ba. Ya ce jijiya ba ta san suruki ba. Ya ƙara da cewa ƙa'ida ta ce ɗan'uwa ya shaida gwajin, kuma a Ingila aka tsara ƙa'idar, inda na tabbata an yi dogon nazari a kan Fulani.

Na ce, "To ranka ya daɗe, a gwada allurar a jikin mai lafiya, mu tabbata tana da tsini. Ga dattijo nan."

Wannan ya yi masa daɗi, don ya yi kama da kimiyya. Aka kwance wa Buba ido, aka ɗaure wa Malam Sambo. Likita ya soka masa a damtse.

Na ce, "Baba, ka ji?"

Dattijo ya san mijin 'yarsa na zaune yana kallo. Ya gyara zama ya ce, "An fara ne?"

Likita ya soki hannu, ya soki wuya. Babu. Fuskarsa ta cika da murna: gida ɗaya, mutum biyu, ɗayan ma ko tabo babu! Ya jawo littafi ya ce in tambayi sunan dattijon.

Na fassara wa dattijo abin da hakan ke nufi. "Baba, likita ya ce kai ma kuturu ne. Naka ma ya fi na Buba nisa."

Dattijo ya fizge ƙyallen. "Ni? Wa ya ce?"

"Kai ka ce, Baba. Sau uku."

Dattijo ya dubi ɗigon jinin da ke damtsensa, ya dubi na ƙwaurin Buba. Can ya ce, ba tare da ya kalli Buba ba, "A ce wa wancan ya je ya duba shanu."

Buba na fita, likita ya sake soka. Dattijo ya zabura ya ce, "Kai! Wannan aiki ne ko mugunta?" Da aka juya, dattijo ya fita Buba ya shiga shi kaɗai, tun allura ba ta gama shiga ba ya yi ƙara. Ba a rubuta kowa ba. Suka kama hanyar ruga, dattijo a gaba, Buba a baya da tazara, ba mai yi wa wani magana.

A rahotonsa likita ya rubuta cewa ya gano kuskuren da kansa, ya kuma ba da shawarar a ƙara wa tafintoci horo.

Abin da na koya shi ne, littafin likitanci ya bi saƙo daga fata har ƙwaƙwalwa, kuma bai yi ƙarya ba. Amma mu ba ƙwaƙwalwa muke tambaya ba, baki muke tambaya. Saboda haka ku matasa, kafin ku ɗauki allura, ku fara tambayar wane ne wannan da ke zaune a kan benci.