Da Littattafan Kawu Aka Hura Wuta

Jiya a garin Dandamisa na buɗe akwatin littattafan marigayi Kawuna, na tarar babu komai a ciki.

A wannan akwatin na koyi son labari. Har yau in ina rubutu, salon littattafan nan nake ji a kunnena.

Na tambayi matarsa, "Inna, ina littattafan Kawu?"

Ta ce, "Ayya, ɗan nan! Lokacin zaman makoki ruwa ya jiƙa mana itace, da su muka riƙa hura wutar girkin baƙi. Ashe kana so?"

Yawancin littattafan an daina buga su, kuma ni ma na ci tuwon nan har da ƙari.

Jama'a, wa zan yi wa fushi?