Jatau Masanin Dalma

Ban taɓa son Jatau ba, kuma ba zan fara yanzu ba don ya rame.

Mutumin Nasarawa Burkullu ne. Ya bar gonar geron ubansa ya zo Bagega lokacin da zinariya ta haukata mutane, ya kafa injin niƙan dutse, ya auri ƙanwata Zuhura. Da gubar dalma ta yi ta kashe yara a garin, sai aka ɗauke shi aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidaje ana zuba sabuwa. Wata uku ya yi yana tura baro a bayan ma'aikatan lafiya. Shi ke nan, ya zama likita. Ko akuya ce ta yi atishawa, a wurin Jatau dalma ce. Nasa tarin kuwa, da ya shekara biyu yana hana kowa sakat, ƙurar dutse ce kawai.

Bara da kaka Zuhura ta kwanta. Ciwon kai ba dare ba rana, zazzaɓi, amai, daga baya wuyanta ya sanƙare. Na ce a tafi asibiti. Jatau ya dube ni sheƙeƙe.

"Bilki, dalma ta. Ni na san ta, da hannuna ni kwashe ta."

Sai ya ɗauko shebur. Ya kankare ƙasar tsakar gida da ta ɗaki, ya jibge ta a ƙofar gida, ya ɗebo jar ƙasa daga daji ya daɓe. Kwana goma sha biyu yana wannan shirme, maƙwabta na yi masa sannu da ƙoƙari, matarsa na kiran Innarmu da sunan wata. Ranar da idonta na hagu ya karkace, ni da Inna muka sa ta a mota zuwa Anka, ba mu nemi izininsa ba.

Aka auna jini, dalmar ba ta kai ta kawo ba. Likita ta ce sai an ɗebi ruwan bayanta da allura a duba. Nan ma Jatau ya tare gado.

"Duk wanda anka ɗebe ma ruwan baya ba shi tashi. Ban yarda ba."

Kwana huɗu ya ƙara cinye mata. Sai da ya fita sallar Juma'a Inna ta dangwala yatsa a takarda. Sakamako ya fito: tarin fuka ne ya hau ƙwaƙwalwa. Magani kullum, har shekara guda. Likita ta tambaya, "Wa ke tari a gidanku?" Daga baranda muka jiyo Jatau yana ta yi.

Zuhura ta rayu, amma idanun sun tafi. Likita ta ce da mun zo da wuri, da wataƙila an cece su. Na so Jatau ya ji wannan, na kuwa maimaita masa sau uku.

Yanzu injin ya yi tsatsa, su biyun suna shan magani. Abin da ya fi ƙona mini rai, ita ce mai laluben ƙwayoyinsa kowace safiya tana miƙa masa, don shi mantawa yake yi. Tulin tsohuwar ƙasar yana nan a ƙofar gida, bai kwashe ba. Jiya ma ta yi tuntuɓe da shi.