Abarci Dillali da Fatar Rediyo

Abarci bai taɓa mallakar saniya tasa ta kansa ba, amma ya shekara ashirin yana rantsuwa a kan shanun mutane a kasuwar Dakoro. Dillali ne, kuma mai masauki. Ubansa manomin gero ne a wajen Korahane. Da ya rasu ya bar masa gona da hauya, Abarci ya dubi hauyar da kyau, ya miƙa wa ƙanensa, ya taho gari ya kafa rumfa a bakin kasuwar bisashe. Tun daga ranar bai ƙara yin gumi ba sai na zazzaɓi.

Jarinsa duka amana ce. Bafillace ko Buzu ya sauka gidansa, ya ci tuwon Azumi matarsa, ya bar masa karsana ko raƙumi ya yi arewa wata uku, ya dawo ya tarar da abinsa. In kuwa dabbar ta mutu a hannunsa, akwai yadda makiyaya suke yi tun kaka da kakanni. A feɗe ta, a raba naman ga maƙwabta, don duk wanda ya ci ya zama shaida cewa mutuwa ta yi, ba sayarwa aka yi ba. Fatar kuma a shanya ta da lalas, wato tambarin wuta na mai ita, a jiki. Ranar da ya dawo a shimfiɗa masa, ya ga alamarsa, ya ce Allah ya mayar da alheri, magana ta ƙare. Abarci ya san wannan doka fiye da yadda ya san farillan alwala, kuma yakan karanta wa mutane ita ko ba su tambaya ba.

Shekara uku kafin Faransawa su tattara nasu ya nasu, maƙwabcinsa wani ɗan lakwal ne, wato ɗan boko, daga Damagaram, malamin dabbobi, ana kiransa Mushe Harisu, don haka ake ce wa malam da Faransanci. Shi ke yi wa shanu allura, shi ke buga hatimi a takarda kafin dabba ta shiga kasuwa. Yana da farar riga mai aljihu uku da akwatin rediyo na katako, girmansa kamar ɗan akuya a kwance. Da lokacin hutunsa ya zo, ya ga jijjigar mota za ta kashe masa akwati kafin Maraɗi, sai ya rungumo shi ya kawo zauren Abarci.

"Baba Abarci, ajiya ce, wata biyu. Don Allah kada a kunna."

"Mushe, da Abarci kake magana. Tahi abinka."

Ƙurar motar ba ta gama kwantawa ba aka kunna. A wurin Abarci wannan ba cin amana ba ne, domin wanda aka bai wa riƙon saniya shi ke shan nononta, kowa ya sani. Kullum bayan la'asar zaurensa ya cika, dattawa su jeru suna sauraron wani Bature yana zuba Faransanci, Abarci yana gyaɗa kai a inda ya ga ya dace. In aka yi sa'a aka kamo Hausar Kaduna, sai ya riƙa maimaita wa mutane abin da suka riga suka ji da kunnensu. Kwana goma sha tara ana tatsa. Ran na ashirin batir ya ƙare, muryar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta ɗauke.

A lokacin akwai masu haƙa rijiya da suka yi zango a bayan gari, da injin ba da wuta wanda suke kira gurup. Mai kula da shi wani Ango ne, wanda iliminsa na inji bai wuce sanin inda ake buga masa guduma ba. Ya zo ya juya akwatin, ya ga ƴar kafa a baya.

"Baba, wanga akwati yunwa ce ke damunsa. Batir ai fura ce. Kawo shi gurup ya ci tuwo."

Maganar ta shiga Abarci, don ta yi daidai da abin da ya sani game da duk wani abu mai rai. Da hantsi ya naɗe rediyo cikin bargo, ya ɗora a jaki, mutum bakwai suka rufa masa baya. Ango ya haɗa waya, ya buga guduma, inji ya tashi. Rediyo ya yi magana da ƙarfin da bai taɓa yi ba, har jakin ya ja da baya. Abarci ya juya yana duban mutanensa ɗaya bayan ɗaya, don kowa ya ga wanda ya kawo shawara. Yana cikin haka inji ya yi tari, ya shaƙe, sannan ya zabura da ruri. Ƙwan fitilar da ke rataye a rumfar masu rijiya ya yi fari fat ya fashe. Rediyo ya ce ɗas, ya yi shiru, wani ɗan wari kamar na ƙonannen ƙaho ya biyo baya.

Ango ya dubi sama, ya ce wuta ce ta yi yawa, yakan faru. Ya ƙara da cewa gobe za su tashi zuwa Bader Goula. A wannan kam ya cika alkawari.

Aka kai gawa maƙera, wurin Intalla, Buzun maƙeri mai gyaran takubba da kwaɗo, wanda bai taɓa cewa bai iya wani abu ba. Ya ɓamɓare bayan akwatin da wuƙa, ya leƙa, ya sansana, ya kara kunne.

"Ya mutu."

"Ka tabbata, Intalla?"

"Na taɓa yi maka ƙarya a kan aikina?"

"Sau nawa ma."

"To yau hutu nake. Kai da ka kai marayan mutane ka ɗura masa abincin giwa, mi kake so in ce? Barka da arziki?"

Abarci ya koma gida. Ba akwatin ne ya dame shi ba, sunansa ne. Saura kwana talatin da wani abu Mushe ya dawo. Idan ya miƙa masa akwati bebe ba shaida ba komai, gobe wani ɗan baƙin ciki zai ce Abarci ya musanya na kirki da matacce, ko ya sayar da muryar ya bar kwanko. Dillalin da aka taɓa yi wa irin wannan magana ko kaza ba a ƙara ba shi riƙo. Ya yi ta juya abin har Azumi ta kawo tuwo ta ɗauke bai taɓa ba. Can sai ya ga ashe babu wani abin tunani. Ajiya ta mutu a hannunsa, kuma ya san abin da ake yi wa ajiyar da ta mutu.

Washegari aka yi fiɗa a zaure, gaban dattawa. Intalla ya zaro kayan ciki ɗaya bayan ɗaya. Jar wayar da ke nannaɗe shi ya ɗauka, ta isa munduwa huɗu. Maganaɗisun da ke bayan bakin maganar aka bai wa Alhusaini maɗinki, don tsintar allura cikin rairayi. Wasu ƴan kwalabe biyar masu kama da ƙwan fitila kuwa Azumi ta karɓa ta jera tsakanin tasoshinta, mata suka yi mako suna zuwa kallo. Sauran ƙananan tarkace aka watsa wa duk wanda ya miƙo hannu, don shaidu su yi yawa. Katakon kuwa Abarci ya shafe shi da man shanu, ya goge rubutun tagulla da ke goshinsa har yana ƙyalli, ya rataye a zaure inda gara ba za ta kai ba. Ranar ya ci tuwo har da ƙari.

Mushe Harisu ya dawo da sabon batir a jaka. Abarci ya shimfiɗa masa tabarma, aka gaisa, aka tambayi mutanen Damagaram, sannan ya sauko da akwatin da hannu biyu ya ajiye gabansa. Mushe ya ɗaga, ya ji shi sakayau kamar ƙwarya.

"Baba Abarci, ina cikinsa?"

"An raba, Mushe. Allah ya yi masa cikawa ran wata Talata da hantsi. Ga alamarka nan, duba da kyau, ba a taɓa ta ba."

Mushe ya sa aka ba shi labari tun daga jaki har ƙwan fitila. Sai ya shiga gidansa ya fito da wani ɗan gwangwani, ya zazzage a tafin hannu. Wasu ƴan kwalabe ne biyu, kowane bai kai gaɓar ɗan yatsa ba, da siririn zare na ƙarfe a ciki.

"Ka ga wannan? Fizibil sunansa. In wuta ta yi yawa shi ke ƙonewa, don sauran su tsira. A zare tsohon, a sa sabo. Kafin ka gama tauna goro an gama."

Abarci ya karɓa ya duba, ya mayar masa cikin ladabi.

"Ai ka ga, Mushe, da ka bar mani su. Mai ba da riƙon dabba yakan faɗi cutarta."

Mushe ya yi niyyar kai ƙara wurin komanda, Baturen mulki, sai ya tuna komanda zai ba da labarin a kowane teburin cin abinci daga nan har Yamai, kuma da sunansa a ciki. Saboda haka ya kai wurin sarkin kasuwa, wanda ya tara dattawan dillalai da wani arɗo da aka tarar a gari. Intalla ya ba da shaida da munduwa biyu a hannu. Alhusaini ya ba da tasa, ya ƙara da cewa maganaɗisun yana aiki sosai. Arɗo ya juya katakon, ya shafa rubutun, ya tambayi Mushe ko alamarsa ce. Mushe ya ce ta masu ƙera shi ce, amma akwatinsa ne. Arɗo ya ce to mi ya rage? An nuna fata, alama lafiya, shaidu sun fi goma. Maganar kada a kunna kuwa dattawa suka yi mata dariya, don ba su taɓa jin wanda ya ba da riƙon saniya ya ce kada a tatsa ba. Aka wanke Abarci tas. Mushe ya yi godiya da Faransanci, ya saɓi katakonsa ya tafi.

Kasuwar da ta biyo baya, Mushe ya fito da farar rigarsa da hatimi. Shanun sauran dillalai suka yi ta wucewa, har da wata mai ɗingishi da ake tura ta daga baya. Da aka zo kan na baƙin Abarci, ya buɗe bakin kowace, ya ɗaga kofato, ya kara kunne a haƙarƙari, ya girgiza kai cikin jimami. Ya ce yana zaton ciwon huhu ne, a killace su kwana arba'in a gani. Haka aka yi mako na biyu, haka na uku. Bai taɓa ɗaga murya ba, kuma kullum sai ya tambayi Baba Abarci ya gida.

Makiyayi yana son mai amana, amma ya fi son ya sayar da sansa ya sayi gero ya koma kafin rijiya ta ƙafe. Ɗaya bayan ɗaya baƙin suka koma sauka wasu gidaje. Sukan biyo ta rumfarsa su durƙusa su gaishe shi, su ce wallahi duk Dakoro babu kamarsa wajen riƙon amana, sannan su kora shanunsu gaba. Shekara huɗu aka yi kafin a canza wa Mushe wurin aiki, lokacin kuwa baƙin sun saba da tuwon wasu matan.

Abarci ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, furar da Azumi ke sayarwa ce ta riƙe gidan. Yakan zauna a rumfarsa ranar kasuwa da babbar riga, duk wanda ya tsaya shan inuwa sai ya ba shi labarin rediyo, da sunayen shaidu, da abin da arɗo ya ce kalma bayan kalma. A ranar shari'a yake tsayar da labarin.